Me ya sa fulash ya fi jeri a poka? Ni da Yayana mun kusa ɓatawa

Autan_Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masana karta ku zo ku raba mu, don yau kwana huɗu ke nan ni da Yayana muna abu ɗaya, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wata biyu da suka wuce ya koya mini poka, irin wadda ake ce wa Teksas Holdem. Kowa a ba shi kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tashin farko, sai ɗaya, sai kuma ɗaya. Da tsinken ashana muke yi, kowa hamsin. Ba abin da ake ci, amma duk wanda ya san bakin Yaya idan ya yi nasara ya san ba ƙaramar asara ba ce.

Don kada mu rikice, ga yadda muke kiran tambarin nan huɗu: jajayen su ne zuciya da daimon, baƙaƙen kuma mashi da ganye.

Abu na farko. Ina riƙe da 9 na zuciya da 10 na ganye. Aka buɗe J na mashi, 8 na mashi, 7 na daimon. Nan take na haɗa 7, 8, 9, 10, J a jere, ba giɓi ko ɗaya. Da ƙyar na danne murmushi. Na huɗu ya fito 2 na zuciya, na ƙarshe 3 na mashi. Na tura ashanata gaba ɗaya. Yaya ko gezau, ya bi ni, ya buɗe 4 da 5 na mashi, ya sa hannu biyu ya kwashe komai. Wai mashi biyar ya haɗa, wai sunansa fulash, wai ya fi jeri. Da huɗu da biyar fa!

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowane tambari kati goma sha uku gare shi, kowanne ya faɗo ya yi maka. Mai jeri kuwa sai lamba takamaimai ta zo. To ta yaya mai sauƙin samu zai fi mai wuyar samu? Na tambaye shi, ya ce haka dokar take. Na ce wa ya kafa ta, ya ce in je in tambayi wanda ya ƙera kartar.

Abu na biyu, washegari. Ina da K da 9, shi yana da K da 4. A tsakiya akwai K, A, Q, J, 2, tambari a gauraye. Kowa da tagwayen sarki. Na miƙa hannu zan kwasa tunda tara ta fi huɗu, ya dafe hannuna ya ce rabawa za mu yi daidai. Ranan da abin ya zo ta wajena, ranan aka tuna da adalci.

Na uku kuma shi ne jiya. Na haɗa Q, K, A, 2, 3, ya ce wannan ba komai ba ne. Alhali shi da bakinsa ya gaya mini as, wato katin A, yana iya zama sama yana iya zama ƙasa.

Tambayata: mene ne ainihin tsarin wane hannu ya fi wane, kuma akwai dalili a ciki ko haddacewa kawai ake yi? Sannan a cikin ukun nan, a ina aka cuce ni?

Malam_Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Auta, sai dai ka yi haƙuri, Yayanka bai cuce ka ko sau ɗaya ba. Laifinsa ɗaya ne, da ya ce maka "haka dokar take", domin dalili akwai shi, kuma ba na son rai ba ne. Ƙirga aka yi. Duk hannun da ya fi wuyar haɗuwa shi ke sama, shi ke nan ƙa'idar.

Karta kati 52 ce. Idan ka zari biyar daga ciki, hannu daban-daban har 2,598,960 ke iya fitowa. Ga yadda suka kasu, daga sama zuwa ƙasa:

Jerin sarauta, wato 10, J, Q, K, A duka tambari ɗaya, wanda za ka ji ana kira royal fulash: 4 kacal.
Jerin fulash, biyar a jere kuma tambari ɗaya: 36.
'Yan huɗu, lamba ɗaya sau huɗu: 624.
Ful haus, 'yan uku haɗe da tagwaye: 3,744.
Fulash: 5,108.
Jeri: 10,200.
'Yan uku: 54,912.
Tagwaye kashi biyu: 123,552.
Tagwaye: 1,098,240.
Hannun da bai haɗa komai ba, sai dai a duba babban katinsa: 1,302,540.

Ka dubi biyun ƙarshen nan, su kaɗai sun cinye fiye da kashi 92 cikin ɗari. Na saman kuma sau ɗaya ne cikin 649,740. Da za a riƙa raba maka kati biyar sau ɗari kullum, a lissafi sai ka yi kusan shekara goma sha takwas kafin rabonka ya zo sau ɗaya.

Yanzu ga gardamarku. Bari mu ƙirga fulash da hannu. Hanyoyin zaɓar kati biyar daga cikin goma sha uku na tambari ɗaya 1,287 ne. Tambari huɗu ne, ya zama 5,148. Cire arba'in ɗin nan da suka zo a jere, don su suna da nasu matsayin a sama, saura 5,108.

Jeri kuma iri goma ne, daga A-2-3-4-5 har zuwa 10-J-Q-K-A. Goma kawai, shi ya sa kake ganin kamar ya fi wuya. Amma ka ɗauki naka, 7-8-9-10-J. Bakwai ɗin tana iya zama ta kowane tambari cikin huɗu, takwas ma haka, tara ma haka, har biyar ɗin. Huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu, 1,024. Sau goma, 10,240. Cire arba'in ɗin ɗazu, 10,200. Ka ga jeri ya kusa ninka fulash yawa. Jeri na zuwa sau ɗaya cikin 255, fulash sau ɗaya cikin 509.

Inda tunaninka ya zame shi ne, ƙarshen hanya kake kallo. Kuma a nan kana da gaskiya, ban hana ka ba. Wanda ya riga ya tara mashi huɗu, kati tara ne ke cika masa. Wanda ke da 8-9-10-J yana jiran 7 ko Q, kati takwas ne nasa. In giɓin a tsakiya yake, huɗu kacal. To cikawar ta fi sauƙi ga mai fulash. Wahalar tana wajen kaiwa ga huɗun, domin duk mashin da ka zara ka rage wa kanka mashi a cikin kartar: na biyu 12 cikin 51, na uku 11 cikin 50, na huɗu 10 cikin 49, na biyar 9 cikin 48. Rijiyar da kake ɗiba ita ce ke ƙafewa.

Ko a wasan naku ma abin haka yake. Buɗin farko na kati uku, bayan ka ga naka biyun, yana iya zuwa ta hanya 19,600. Mai 9 da 10 irinka, hanya 256 ne za su ba shi jeri nan take. Mai mashi biyu irin Yayanka, hanya 165 ne za su ba shi fulash nan take.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Lokacin da aka buɗe ukun farko kai ne a gaba, nesa ba kusa ba. Yayanka jira yake, kuma ɗan fiye da sau ɗaya cikin uku ne mashin zai zo masa a kati biyun da suka rage. A lokacin ya kamata ka tsananta masa ashana, ya biya da tsada in yana son ganin saura. Kai kuma ka tsaya ɓoye murmushi, sai da mashi na uku ya sauka a tebur sannan ka tura komai.

Ɗan_Gaggawa ya rubuta:

Malam ya gama magana. Ƙari kawai, idan ku biyu kuka yi fulash, mashi ne babba, sai zuciya, sai daimon, sai ganye. Kuma Q-K-A-2-3 ɗin nan mu muna ƙirga shi jeri, don as ai zagayowa yake. Auta a nan kam an danne ka.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Ɗan_Gaggawa, sunanka ya bi ka. Duka biyun ba haka ba ne, kada ka ƙara wa yaro ruɗani.

Tambari ba ya raba gardama a wajen cin tuli, wato abin da aka zuba a tsakiya. Mashi bai fi zuciya da komai ba. Ana amfani da fifikon tambari a ƙananan abubuwa, kamar zaɓen wanda zai fara rabo, amma ba a ba mutum tuli don nasa baƙi ne na wani ja. A Holdem ma maganar ba ta tasowa sam. Kafin kowa ya yi fulash sai an sami aƙalla uku na tambarin a tsakiya, katin tsakiya kuwa biyar ne, ba yadda za a yi tambari biyu su sami uku-uku. Duk masu fulash a zagaye ɗaya tambarinsu ɗaya ne. Sai a duba babban kati, in ya zo ɗaya a duba mai bi masa, har a kai na biyar.

As kuma kai ne ko wutsiya, ba ya zama ciki. 10-J-Q-K-A shi ne jerin da ya fi kowane, A-2-3-4-5 shi ne ƙaraminsu, a nan as ɗin ɗaya yake, kuma biyar ce kan jerin. Q-K-A-2-3 ba jeri ba ne. In ku a teburinku kun yarda da shi, wannan tsakaninku ne, amma a faɗa kafin a raba kati, ba bayan an buɗe ba.

Ɗana Auta, na biyun naka shi ne wanda nake so ka riƙe, don shi ya fi kayar da sababbin hannu, ya fi maganar fulash sau goma. A Holdem kati bakwai kake gani, amma hannu biyar ne. Ba shida ba, ba bakwai ba. Ka zaɓi biyar mafi kyau, sauran biyun ka ɗauka ba a taɓa buga su ba.

To jera naka: K, K, sai manyan uku da suka rage, A, Q, J. Biyar sun cika. Ina tara za ta zauna? Jera na Yayanka: K, K, A, Q, J. Huɗunsa ma ba ta sami kujera ba. Hannunku ɗaya sak, dole a raba. Da a ce a tsakiya K, A, 7, 5, 2 ne, da kai kana da K, K, A, 9, 7, shi yana da K, K, A, 7, 5, da ka ci shi da tara ɗin nan. Wannan katin gefen shi ake ce wa kika, ni ina kiran sa mai raba gardama. Yana aiki ne kawai in ya sami shiga cikin biyar ɗin.

Daga wannan ƙa'idar sauran duk suke fitowa. Ba a tagwaye kashi uku, don kati shida ke nan, sai ka yar da ƙaramin. In an haɗu a tagwaye kashi biyu, manyan ake fara dubawa: mai A-A da 2-2 ya ci mai K-K da Q-Q, ko da yake na biyun ya fi cika ido. A ful haus 'yan ukun ake dubawa, mai 8-8-8 da 3-3 ya ci mai 7-7-7 da A-A. Na ga babban mutum ya tashi tsaye yana rantsuwa a kan wannan, as biyu a hannunsa, ya kasa yarda cewa ba su ake kallo ba.

Kuma da kake tambayar wa ya kafa dokar, ba rana ɗaya aka kafa ta ba. Poka ta farko da aka ba da labarinta a New Orleans ta Amurka, wajen 1829, da kati ashirin ake yin ta, A, K, Q, J, 10 kawai, mutum huɗu kowa biyar. Babu jeri a lissafi, babu fulash. As huɗu shi ne ƙarshen magana, haka ma sarki huɗu da as a gefe, ba mai iya doke su. Sai da aka koma karta mai 52 fulash ya shigo, jeri ya biyo baya, kowanne aka ajiye shi inda wuyarsa ta kai shi.

Kada kuma ka raina ƙananan kati don ka ga Yayanka ya ci ka da 4 da 5. Gasar poka ta duniya da ake yi a Las Vegas tun 1970, Doyle Brunson ya ci ta a 1976 da 1977, kuma duka biyun da 10 da 2 ya rufe wasan, duka biyun ful haus ya haɗa a katin ƙarshe. A ta 1976 abokin karawarsa A da J ke hannunsa, ya riga ya yi tagwaye kashi biyu tun buɗin farko. Chris Moneymaker da ya ci ta 2003, 5 da 4 ne a hannunsa a zagayen ƙarshe, irin na Yayanka.

Autan_Gida ya rubuta:

Kai! Wato uku ba ko ɗaya. Na gode Malam, na gode Baba. Na ɗauko kartar na shimfiɗa ta a ƙasa na jera K, K, A, Q, J da hannuna, na riƙe tara ɗin ina neman inda zan saka ta, babu. Yaya na tsaye a kaina yana dariya, ya ce in buga muku godiya a madadinsa.

Amma Malam, akwai abin da bai kwanta mini ba. Lissafinka na kati biyar ne, mu kuma bakwai muke gani. Ni a wasanmu ina ganin tagwaye sun fi zuwa a kan a tashi ba komai. In ƙa'idar ita ce mai wuya ke sama, ashe ba sai a juya su ba? Ko dai idona ne?

Yaya_Mai_Lura ta rubuta:

Ƙanina, kafin Malam ya dawo da lambobinsa, bari in ba ka nawa, don ka san ba kai kaɗai ba ne.

A manhajar waya nake bugawa, ta maki ce kawai. Rannan ina da 4 da 4. Aka buɗe 9, 9, J. Na ce madalla, tagwaye kashi biyu. Na huɗu ya zo K, ban damu ba. Na ƙarshe ya zo J. Ni a raina har na ƙaru, tagwaye kashi uku. Aka buɗe, wanda muke karawa da shi A da 2 ne a hannunsa, bai haɗa komai da kansa ba, sai na ga maki na tafiya wajensa. Na yi minti biyar ina kallon wayar, har na fara rubuta musu ƙorafi cewa manhajarsu ta lalace.

Sai da na jera biyar-biyar na gane. Nawa J, J, 9, 9, K. Nasa J, J, 9, 9, A. Huɗu-huɗun da nake taƙama da su, J ɗin ƙarshen nan ya kashe su, tunda tebur ya kawo tagwaye biyu da suka fi su. Daga mai nasara na koma wadda ba ta da komai sai abin da ke tsakiya, shi kuma as ɗinsa ya shiga. Na goge ƙorafin shiru.

Ka kuma kiyayi pokar da ake ce wa Omaha in ka gan ta, don kamar Holdem take a ido. A can kati huɗu ake ba ka, kuma dole ka yi amfani da biyu cif daga hannunka, uku cif daga tsakiya. Na taɓa riƙe as na zuciya shi kaɗai, zuciya huɗu a tebur, na ɗauka na yi fulash mafi girma. A Holdem haka ne. A Omaha ba ni da fulash ko kaɗan, don zuciya ɗaya ce a hannuna. Tsarin wane ya fi wane bai canja ba, yadda ake haɗa biyar ɗin ne ya canja.

Malam_Lissafi ya rubuta:

Auta, ba idonka ba ne, ka lura da kyau, kuma wannan tambayar ta fi ta farkon.

Da kati bakwai, tashi ba komai kashi 17.4 ne cikin ɗari. Tagwaye 43.8, tagwaye kashi biyu 23.5. Wato rashin haɗa komai ya fi su wuya duka biyun. To me ya sa ba a ɗaga shi sama ba? Gwada ka gani. A ce yau an yi doka hannun da ba komai ya fi tagwaye. Mai K, K, A, Q, J, 9, 2 zai ce shi ba shi da tagwaye, ya ajiye sarki ɗaya ya nuna A, K, Q, J, 9. Tunda kai ke zaɓar biyar ɗinka, kusan kowa na iya rikiɗa ya zama marar komai, sai abin da aka ɗaga don wuyarsa ya koma mafi araha. Shi ya sa aka bar ma'aunin a kan kati biyar. Daga 'yan uku zuwa sama kuwa tsarin bai motsa ba ko da bakwai ɗin: 'yan uku 4.8, jeri 4.6, fulash 3.0, ful haus 2.6. Dubi yadda 'yan uku da jeri suka kusa haɗewa, da ƙyar jeri ya tsira da matsayinsa. Jerin sarauta kuma ya sauko zuwa sau ɗaya cikin 30,940, ba sai ka jira shekara goma sha takwas ba.

Irin wannan rikicin ne ke faruwa in aka saka joka ɗaya mai zama kowane kati. Mai tagwaye da joka zai ce 'yan uku gare shi, sai 'yan uku su haura zuwa 137,280, su wuce tagwaye kashi biyu da ke nan a 123,552. Ka ce to a juya su. Kana juyawa, mutumin nan zai mayar da jokarsa abokin wani katin ya ce tagwaye kashi biyu gare shi, sai su kuma su fi yawa. Duk wanda ka ɗora a sama shi zai cika gari. Ba gyara, sai dai a zaɓi ɗaya a zauna a kai. Ni shi ya sa ba na son joka a poka, tana ɓata lissafin da ya sa wasan ya yi kyau.

Inda ake juya tsarin da gaske shi ne in an canja kartar kanta. Akwai wata Holdem da ake cire 2, 3, 4, 5, a bar kati 36. Kowane tambari ya koma tara. Ƙirga: zaɓen biyar cikin tara 126, sau huɗu 504, cire 24 masu jere, saura fulash 480. Ful haus kuwa 1,728. Fulash ya fi wuya nesa, don haka a wannan wasan ana ɗora shi a kan ful haus. As kuma yana maye gurbin katin 5 da aka cire, A-6-7-8-9 ya zama ƙaramin jeri. Baba Tsohon_Hannu na iya gyara mini, amma har a can as bai zama ciki ba.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Ba gyara, Malam. Sai dai Auta kada ya kai wa Yayansa maganar kati 36 yanzu, bai gama da 52 ba.

Autan_Gida ya rubuta:

Baba ai na ji. Daren jiya mun sake zama. Ina da A da K, aka buɗe 2, 3, Q, sai 4, sai 5. Na ƙirga a zuci sau biyu, A-2-3-4-5, as a wutsiya, ba a ciki ba. Na leƙa tambari, mashi biyu ne kawai a tebur, sauran kowanne daban, ba mai fulash. Na tura ashana talatin da ɗaya.

Yaya ya buɗe J da 6.

Wannan karon ban ce komai ba, ni da kaina na jera masa 2, 3, 4, 5, 6, na tura masa tulin. Ya ce in ci gaba da shiga wajen malaman nan nawa, suna koya mini yadda ake faɗuwa cikin ilimi. Ni na tattara kartar na mayar kwali.